Kar A Ce Ƙwaƙwalwa

Da safe yatsun Yaya ba sa buɗewa. Sai ta zauna a bakin katifa, ta tsoma hannuwanta cikin robar ruwan ɗumi, tana kallon bango har gaɓoɓin su saki. Kafin su saki kuwa an yi ta ƙwala mata kira.

"Yaya! Motar otal ta zo, zannuwan gadon nan fa?"

Ƙanenta ne, wanda kowa ke kira Manaja. Shagon wanki da guga na gidan yana jikin ƙofar waje, ƙofa ɗaya ce ta haɗa shi da tsakar gida. Manaja na gaba, a bayan kanta, da wayarsa da turarensa, yana karɓar kaya yana washe wa masu zuwa baki. Yaya na baya, a ɗakin guga mai 'yar taga can sama kusa da rufi, ita da injin wanki mai jijjiga da dutsen guga mai nauyi. Tun da aurenta ya mutu ta dawo gida, nan ne wurinta. Mai kantin da ke maƙwabtaka da su yakan leƙo ya ce, "Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi." Manaja ya yi dariya, a wuce wurin.

Da can Yaya ita ma takan yi dariyar, har ta mayar da magana. Yanzu ba ta yi. Rediyon da ke kan taga ya yi ƙura. Abinci a bakinta kamar takarda. Wani lokaci tana tsakiyar ninke riga sai ta ga ɗigon ruwa a kan yadin, ta ɗaga kai tana neman inda rufi ke yoyo, ashe idonta ne. Ba wanda ya mutu, ba wanda ya zage ta. Ji take kamar an jiƙa bargo an lulluɓa mata tun daga ka har ƙafa, tana jin maganar mutane daga nesa.

Mama ba ta ga abin damuwa ba.

"Ke dai rashin godiyar Allah ke damunki," in ji ta, tana tsaye a ƙofar ɗakin guga tana fifita da gefen mayafi. "Ci ga shi, sha ga shi, ga ɗaki, ga sana'a. Wasu suna can asibiti an yanke musu ƙafa. Ke kin wani tsuke fuska kamar an aiko miki da mutuwa."

"Mama, jikina ne."

"Wa ke da jikin ƙarfe? Ni da na haife ku, kin taɓa ganin na kwanta?"

Manaja kuwa cewa yake aiki ne maganin tunani. Auta, ƙanwarsu da ake shirin bikinta, ta taɓa cewa a gaban kowa, cikin wasan da ba wasa ba, "Anya Yaya ba aurena ne ba ta so ba?" Yaya ta ji maganar ta shige ta, amma ko ƙarfin musantawa ba ta samu ba. Ta fara yarda ma da abin da suke faɗa. Wataƙila zuciyarta ce ta yi baƙi. Wataƙila haka mugun hali ke shiga mutum, a hankali, bai sani ba.

Ba kukanta ne ya kai ta asibiti ba, kwat ɗin wani lauya ne. Tana cikin gogewa yatsunta suka ƙi ɗaga dutsen, ita kuma ta tsaya tana kallon hayaƙi na tashi kamar ba a gabanta ake yi ba. Da Manaja ya ga ramin da ya fito a ƙirjin kwat ɗin, washegari ya tari tasi.

Aka ɗebi jininta, aka ɗauki hoton hannuwan. Ranar da suka koma karɓar sakamako, Mama ta bi su. Likitar mace ce mai ƙaramin jiki da gilashi. Ta kama hannun Yaya ta juya shi a hankali, ta danna gaɓoɓin da suka kumbura. Sannan ta yi tambayar da ba wanda ya taɓa yi mata a gida.

"Ban da ciwon hannu, ya zuciyarki? Kina jin daɗin wani abu kuwa?"

Yaya ta girgiza kai.

"Barci fa? Abinci?"

"Duk babu."

"Kina jin kamar rayuwar ta ishe ki?"

Yaya ta saci kallon Mama, ta sunkuyar da kai. Likita ba ta matsa ba. Ta gyara zama ta fuskance su duka.

"Jikin mutum yana da sojojinsa masu yaƙar cuta. Nata sun rikice, sun juya suna yaƙar gaɓoɓinta. Shi ne wannan kumburin. To, kumburi ba a yatsu kaɗai yake tsayawa ba. Yana aika saƙo ta cikin jini har ƙwaƙwalwa. A can ma akwai wasu ƙananan masu gadi, aikinsu shara da tsaro. In saƙon nan ya yi ta zuwa ba ƙaƙƙautawa, sai su miƙe su ƙi zama, har su dagula abubuwan da ke sa mutum kuzari da jin daɗi. Mama, kin taɓa yin zazzaɓi kika ji ba kya son ganin kowa, ba kya son abinci, duniyar duk ta yi miki baƙi?"

"Wa bai taɓa yi ba?"

"To, irinsa ne, sai dai nata ya ƙi wucewa. Ba kowace damuwa ce ke biyowa ta wannan hanya ba, kuma har yanzu masana suna kan bincike. Amma a masu irin ciwonta muna yawan ganin biyun tare."

Yaya ta ɗago. Ta dubi likitar.

"Likita, ashe ba mugun hali ba ne?"

"Ba hali ba ne, ciwo ne. Kuma ana magani."

Ta yi musu bayani dalla-dalla. Akwai maganin da zai kwantar da sojojin jikin, amma sai ana zuwa ana duba jini a kai a kai. Akwai likitan ƙwaƙwalwa a ginin baya da take so Yaya ta gani saboda damuwar. Kuma dole hannuwan su huta, a raba ta da dutsen guga na wani lokaci, in ba haka ba gaɓoɓin za su lalace, lalacewar da ba ta gyaruwa.

A cikin duk wannan bayani, kalma ɗaya Mama ta ji. Suna shiga tasi ta rage murya don kar direba ya ji.

"Ƙwaƙwalwa! A zuri'armu kaf ba mai taɓin hankali. Kar na ƙara jin kalmar nan a gidana. Kun manta gwaggon mijin Auta a asibitin nan take aiki? A gan ki kina layi a ginin baya, gobe a ce an fasa auren? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga."

"Mama, ai ba hauka ta ce ba."

"Mutane za su tsaya tantancewa ne?"

Manaja na gaba kusa da direba, ya juyo. "Ni abin da na fahimta, ciwon hannu ne. Hutu kuwa, ai likita ba ta san muna da aikin otal ba. Su komai a ce a huta. Bari a wuce bikin nan, sai a dawo a yi komai a tsanake."

Da yamma ya shigo da leda daga kemis ɗin bakin titi. Ƙwayoyin kashe zafi ne, masu ƙarfi, in ji mai kemis, irin waɗanda masu dako ke sha. Yaya ta sha. Washegari yatsun suka buɗe da wuri.

"Kun gani ko?" Manaja ya faɗa da ƙarfi don Mama ta ji daga tsakar gida. "Da mun biye wa asibiti da yanzu ana can ana zuƙe mata jini."

Ƙwayar tana danne zafin, kumburin yana nan yana cinsa a ƙasa. Da farko ɗaya ke kai ta yamma, daga baya sai ta ƙara, ta kuma ƙarawa, sau da yawa ba komai a cikinta, don abincin ba ya shiga. Bargon da ke kanta kuwa ƙwayar ba ta san da shi ba. Sai ma ƙara nauyi da ya yi. Yanzu ta san sunan abin da ke damunta, ta san akwai magani, ta san ginin da yake. Sanin bai fitar da ita daga ɗakin guga ba.

Kayan biki suka haɗu da na otal. Labulayen sabon gidan Auta, rigunan ƙawaye, kayan dangi da suka fara sauka, kowa ya miƙo nasa yana cewa, "Ai muna da gwana a gida." In baƙi suka tambayi dalilin ramar Yaya, Mama ta riga ta amsa: "Hidima ce. Kun san ita ce uwar bikin."

Wata rana Auta ta shigo ɗakin guga ta turo ƙofa. Wayarta na hannu.

"Yaya, na duba abin da likitar nan ta faɗa. Gaskiya ne fa. Har da hoton hannun waɗanda ba a yi musu magani da wuri ba." Ta kifa wayar a cinya kamar hoton zai fito. "Abin tsoro."

Zuciyar Yaya ta ɗan motsa. "To ki raka ni, Auta. Mu je da safe, ba wanda zai sani."

Auta ta murza zoben hannunta.

"Yaya, ki yi min rai. Kin san halin danginsa, neman abin faɗa suke. Ki daure a ɗaura kawai. Wallahi ana gamawa ni da kaina zan kai ki."

Ta rungume ta, ta fita da gudu don ana kiranta gwajin ɗinki. Ƙamshin turarenta ya daɗe a ɗakin.

Sau ɗaya Yaya ta gwada tafiya ita kaɗai. Manaja ya fita kai kaya, Mama na barcin rana. Ta yafa mayafi ta bi ta ƙofar shago ta fito titi. Hasken ya kashe mata ido. Ta taka har inda motocin haya ke tsayawa. Mota ta zo, yaran mota na kiran sunan asibitin, mutane suka shiga, ta tashi. Wata ta zo. Abin da ake bukata kawai ta ɗaga hannu ta taka mataki biyu. Amma sai ta ji kanta na faɗa mata: in kin je me za ki ce? Wa zai saurare ki? Ki ɓata auren ƙanwarki saboda yatsu? Ke wace ce ma? Ba ta ɗaga hannun ba. Ta tsaya nan har inuwar allon talla ta matsa daga kanta. Sannan ta juya.

Ta tarar da Manaja ya dawo yana tsaye a kan tulin zannuwa.

"Ina kika shiga? Mai lafiyar yawo ai ba ya rasa lafiyar aiki."

Aka yi biki aka watse. Auta ta tare, ta tafi da alkawarinta. In ta kira waya sai ta ce, "Yaya, ina nan zuwa, maigidan ne bai ba ni dama ba." Manaja ya ce a bari a kammala kwangilar otal, kar a sauya hannu a tsakiyar aiki, manajan otal ɗin ya saba da ninkin Yaya. Mama ta ce ai ga shi tana tashi tana zama, Allah ya riga ya kawo sauƙi, komawa asibiti neman suna ne. Yaya ta daina tambaya. Cikinta ya fara zafi kamar ta haɗiyi garwashi. Jiri na ɗibarta in ta miƙe. Bayan gidanta ya koma baƙi, ba ta gaya wa kowa ba, don ta gaji da jin amsar da za a ba ta.

Da azahar abin ya faru. Tana jera zannuwan otal farare tas a kan tebur, sai ta ji wani abu mai ɗumi ya taso mata. Kafin ta juya ya zubo. Jini ne, ya malale a kan farin yadi. Ƙarar faɗuwarta ce ta kawo Manaja. Idonta a buɗe yake, ta ga komai. Ta ga hannunsa ya fara kaiwa ga zannuwan, ya janye na ƙasa da jinin bai kai gare su ba, ya ɗora a kan injin wanki. Sannan ya durƙusa yana kiran, "Yaya! Yaya! Mama, ki zo!"

Ƙwayoyin sun huda mata ciki. Sai da aka yi mata ƙarin jini. Da ta farfaɗo, likita mai gilashi na tsaye a gefen gado, riƙe da hannunta. Yatsun sun karkace gefe guda, gaɓoɓin sun yi ƙulli. Likitar ta daɗe tana kallonsu kafin ta dubi Mama da Manaja.

"Me ya hana ku dawowa?"

"Wallahi likita, ita ba ta faɗa mana abin ya kai haka ba," in ji Manaja. "Yaya akwai zurfin ciki."

"Ni na faɗa muku. A gabana kuke zaune."

Mama ta share ido da mayafi. "Ƙaddara ce, 'yar nan. Abin da Allah ya rubuta ba makawa. Mu me muka sani? Mun ga tana aikinta."

Likita ta kau da kai daga Mama. Ta juya ga Yaya. "Abin da ya lanƙwashe ba zai miƙe ba, ba zan ɓoye miki ba. Amma za mu tsayar da sauran. Kuma likitan nan na ginin baya, shi zai zo ya same ki a nan."

Wannan karon ba wanda ya yi musu. An riga an ɗaura aure, gwaggon mijin Auta ma har ta leƙo ta yi sannu, ba abin da ya faɗo daga sama.

Ranar da aka sallamo ta, Yaya ta ji hayaniya a ɗakin guga. Ta leƙa. Ma'aikata biyu ne, ƙarti, da sabon injin guga mai tururi yana huci. Rediyonta na kunne.

"Ya za a yi?" in ji Manaja. "Aiki ba ya jira."

Ta kalli injin, ta kalli hannuwanta. Ashe ana iyawa.

Magani ya yi aikinsa a hankali, kamar wayewar gari a ranar hadari. Kumburin ya fara sauka. Wata safiya ta kurɓi shayi ta ji zaƙin sukari, har ta tsaya tana kallon kofin. Wata rana mai kanti ya leƙo ya yi wata barkwanci, ta ji dariya ta kuɓuce mata. Bargon ya fara yayewa. Amma da ya yaye, ba daɗi kaɗai ta tarar a ƙarƙashinsa ba. Ta tarar da duk abin da aka yi mata yana zaune yana jiranta, ɗaya bayan ɗaya, a fili.

Wata rana suna cin abincin rana a falo, Auta ta zo wuni. Cokali ya suɓuce wa Yaya ya faɗi a kan tayil. Manaja ya yi tsaki kaɗan.

"Yaya, ki riƙa lura mana."

Ta ɗaga hannuwan biyu sama, a gaban fuskarsa.

"Da wanne zan lura? Da wannan, ko da wannan?"

Ba ta sauke hannuwan ba, ta ci gaba.

"An faɗa muku a gabana. Kai ka ji, Mama ta ji, Auta har hoto ta gani. Kuka ce bayan biki. Kuka ce bayan otal. Ma'aikatan da ka ɗauko ina kwance, da can ba a haife su ba ne? Ranar da na faɗi ina kallonka, zannuwa ka fara ɗauka."

"Yaya, wallahi ruɗewa ce..."

"Ban ce ku biya ni ba, ba ku da abin biya. So nake mutum ɗaya a gidan nan ya buɗe baki ya ce mun yi kuskure. Mutum ɗaya."

Auta ta fashe da kuka ta ɗauki jakarta ta koma gefe, tana cewa ita dai ba ta zo don a tayar mata da hankali ba. Manaja ya tura kwanonsa ya ce duk wahalar da yake yi a gidan nan ba a gani. Mama ta tafa hannu tana salati.

"Kun gani ko? Abin da na guda ke nan. Yarinyar nan da ba ta ɗaga ido ta kalli mutum, mai haƙuri, mai kawaici. Tun da aka fara ba ta maganin ƙwaƙwalwar nan ta zama wata iri. Wannan ba warkewa ba ce, fitsara ce."

"Ni ma na lura," in ji Manaja. "Ya kamata a ɗan dakata da shi a gani."

Ba wanda ya ce mun yi kuskure. A wurinsu lafiyarta ita ce lokacin da take kuka ba sauti tana ninke zannuwa. Ciwon bai taɓa damun gidan ba. Warkewar ce ta dame su.

Lokacin shan maganin ya yi. Kwalbar na kan tebur kusa da talabijin, irin mai murfin nan da sai an danna an murɗa. Tun da ta dawo, kullum sai wani ya buɗe mata. Ta ɗauko ta tsakanin tafukanta biyu, ta miƙa.

"Wa zai buɗe min?"

Manaja ya duba wayarsa. Auta na fyace hanci. Mama ta kawar da kai tana kallon labule.

Yaya ta jira. Daga shago ana jin hucin injin guga da dariyar ma'aikata. Ta dubi ƙofar falo, ta dubi mutanen nan uku da ba ta da wasu a duniya sai su, waɗanda gobe ma a hannunsu za ta nemi a zuge mata zif, a ɗaure mata ɗankwali, a tare mata mota.

Ta kai kwalbar bakinta, ta dasa haƙora a murfin, ta fara murɗawa.